Uban da ya yi rani a gida

Duk wanda ya san Adar ya san cewa da zarar an ɗaure damman hatsi an zuba a rumbu, maza sai su fara ɗaure kaya. Daga Nuwamba zuwa Disamba, je ka tashoshin mota na Tahoua da asuba ka gani. Samari da magidanta daga Tamaske, Kalfu, Barmu, Keita da Buza, kowa da 'yar jakarsa da bargo, wasu sun nufi Abijan, wasu Legas ko Kamaru, wasu kuma Agadas, daga can su kama hanyar Libiya ko Aljeriya. Mu bida muke ce wa wannan tafiya, a Kano da Katsina cin rani ake cewa. An yi rubutu da yawa a kan kuɗin da bida ke kawowa, da gidajen siminti da take ginawa a ƙauyuka, da rayukan da hamada ke ci. Abin da ban cika ganin an tsaya a kansa ba shi ne wani ɗan ƙaramin lissafi. Yaron da ubansa ya tafi ya bari yana rarrafe, in uban ya dawo farkon damina zai tarar da shi yana gudu. Wanda ya tafi Libiya kuwa, inda ba kowace shekara ake dawowa ba, yakan bar jinjiri a zanen goyo ya tarar da yaron da ake aike kanti.

Ni mushen lakwal ne, shekara ashirin da 'yan kai ina riƙe da alli. Aikin ya hana ni bida, ya kuma hana ni arziki, amma ya sa ina cikin 'yan tsirarun magidantan layinmu da ke kwana a gida tun daga kaka har bazara. Manyan 'ya'yana ban ga tasowarsu sosai ba, don a lokacin ina wata makarantar ƙauye can arewa, sai ƙarshen wata in shigo gari in karɓi albashi, in kwana biyu in koma. Ga kuma kunyar ɗan fari, wadda ko kana gida ba ta barinka ka ɗauki yaro a gaban mutane. Sai da furfura ta fara leƙowa aka maido ni cikin gari, kuma a watan Nuwamba na 2023 Allah ya ba mu 'ya mace. Sunan tsohuwata ta ci, don haka babu mai iya kama sunan a gidanmu, Auta muke ce mata. Ita ce ta farko da nake ganin girmanta kullum safiya, kamar yadda mutum ke ganin hatsin gonar bayan gida.

A makarantar horon malamai ta Kaocen da ke nan Tahoua aka fara gaya mana sunan Jean Piaget, masanin nan ɗan ƙasar Suwizalan. Mun haddace matakan girman hankalin yaro da ya tsara kamar yadda ake haddace jadawalin ninkawa, muka zuba a takardar jarrabawa, muka wuce. Sai da na zauna da Auta na tuna wani abu da malaminmu ya faɗa a gefen darasi, cewa yawancin abin da Piaget ya rubuta a kan jarirai, 'ya'yansa uku ya zauna yana kallo yana rubutawa. Wato shi ma bai je bida ba. Cikin abin da ya lura da shi akwai wannan: jinjiri ƙarami, in ka rufe abin wasansa da zane, a wurinsa abin ya bar duniya, ba zai neme shi ba. Sai wajen wata takwas ko tara yake fara ɗaga zanen, don ya soma gane cewa abin da ido bai gani ba yana nan. A shekarar 2024 ambaliya ta sa gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba, sai na sami makonni na banza a gida daidai lokacin da Auta ke da wata goma sha ɗaya. Makullin babur ɗina ya sha ɓoyo a ƙarƙashin hula da faifai da tabarma. Uwarta tana tankaɗe tana kallonmu, ta ce, "Malam, in yaran lakwal suka ga wannan, ai girma ya faɗi."

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da wani maƙwabci da ke aikin gini a Sabha ta Libiya. Ɗansa sa'an Auta ne, mako uku ne tsakaninsu, kuma uban ya tafi yaron yana da wata biyu. Yaron nan a waya ya san ubansa. Kowace Juma'a bayan an sauko masallaci, in intanet ta yi kyau, uwar takan kira ta WhatsApp ta riƙe masa wayar a gaban fuska. Wata rana ina zaune na ga ya karɓe wayar, ya juya bayanta yana dubawa, ya sake juyo gabanta, ya sake juyawa. Ubansa yake nema a bayan gilashin. Ya kai matakin da littafi ya faɗa, ya san abin da aka ɓoye yana nan a wani wuri. Wurin ne ya fi ƙarfin hannunsa.

Shi wannan yaro yana wata goma ya miƙe ya yi tafiya. Uwarsa ta ɗauki bidiyo, kafin la'asar an gani a Sabha, kafin magariba an aiko da jika biyar ta Nita a sayi alewa a raba. Auta kuwa ta cika shekara tana rarrafe, ta yi wata goma sha uku, goma sha huɗu, goma sha biyar, tana nan a ƙasa. Rarrafen ma irin nata ne, ƙafa ɗaya a naɗe, ɗaya tana tuƙi, gudu kamar ƙadangare. Tana kama gado ta miƙe, tana bin bango, amma da an ce ta saki sai ta zauna daɓas ta dube ka. Mun sa kafinta ya yi mata ɗan keken katako mai ƙafa uku irin wanda yara ke turawa. Ta mai da shi abin ɗora kwano.

Mai karatu da bai kai shekara talatin ba ba lalle ya gane irin tsoron da ke zuwa wa mutum irina ba. Duk sa'ana a Adar yana da abokin wasa da shan-inna ta cinye wa ƙafa, wanda ya tashi yana jan jiki ko yana dogara sanda. A watan Agusta na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa an kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka, kuma Auta ba ta taɓa tsallake ɗigon rigakafi ko allura ba, karnen awonta cike yake da hatimi. Duk da haka, in dare ya yi tana barci, nakan kama 'yan ƙafafun nan in gwada su da juna, in ga ko ɗaya ta fi ɗaya kauri.

Ƙaramar Sallah ta zo a ƙarshen Maris na 2025, tana da wata goma sha shida. Tela ya ɗinka mata atamfa iri ɗaya da ta yayyenta, aka yi mata lalle da kwalli, aka kama 'yan gashin kanta aka yi kitson da bai kwana ba. Ni kuma na shiga kasuwa na sayo takalma jika biyu da rabi, irin masu kukan nan da ke yin ƙara duk lokacin da yaro ya taka. Takalman ba su yi kuka ba ranar. A bayan yayarta ta yi yawon barka da Sallah, ƙafafu suna reto. Kowane gida aka shiga sai an ba ta dala biyar ko dala goma, ta kai baki a ƙwace, sannan a yi tambayar da ake yi da murmushi amma take sauka kamar dutse: "Har yanzu ba ta tashi ba?" Wata ta ce a nemo rubutu. Wata ta ce goyo ne ya yi yawa. Wata ta ce a binne ƙafafun cikin rairayi da safe. Uwarta ta dawo gida ta shiga ɗaki, ba ta ci tuwon Sallah ba.

Bayan Sallah muka kai ta wurin awo a likitar unguwa. Malamar da ke duba yara ta ɗora ta a sikeli, ta tsayar da ita ta ga yadda take taka ƙasa, ta lanƙwasa gwiwoyi da ƙugu, ta tambaya ko tana jin kira, ko tana nuna abu da yatsa. Ta ce ba ta ga abin tsoro ba, amma in ta cika wata goma sha takwas ba ta saki bango ba, mu komo a tura mu babban asibiti. Wannan magana ta yi daidai da binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006, wanda aka bi yara 816 a Ghana, Indiya, Norway, Oman da Amurka ana rubuta ranar da kowanne ya zauna, ya tsaya, ya taka. An tarar cewa yara masu cikakkiyar lafiya suna fara tafiya su kaɗai tun daga wata takwas har zuwa wajen wata goma sha bakwai da rabi. Kusan wata goma ke nan tsakanin mai sauri da mai nawa, kuma duka lafiyarsu lau. Har akwai 'yan kaɗan da ba su yi rarrafe da hannu da gwiwa ba sam. Mu malamai mun saba da maki goma bisa ashirin, wanda ya kai ya wuce, wanda bai kai ba ya maimaita aji. Ƙafar yaro ba ta san wannan tsari ba.

Na kira tsohuwata a ƙauye na karanta mata duk wannan a waya. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Kai da takardunka. Kai ma sai da ka kusa shekara biyu kana jan gindi, ga ka yau kana tahiya har Yamai. Ku bar ɗiya ta huta."

Ranar da ta fara tafiya kuwa har yau ba mu daidaita a kanta ba a gidanmu. Afrilu ne, lokacin da zafin Tahoua ke haura digiri 40, kowa ya fitar da shimfiɗa tsakar gida. Ni na ce daren Lahadi ne, da wuta ta ɗauke, ta saki ƙafar gado ta yi taku uku zuwa randa don ta ga ana ɗiban ruwa. Uwarta ta ce wannan faɗuwa ce mai tsawo, tafiya ta gaskiya sai ranar Talata, daga turmi zuwa ƙofar madafa. Yayarta ta rantse tun makon da ya wuce ta ga ta yi taku biyu a bayan ɗaki, da ta lura ana kallonta sai ta zauna. Ina ganin dukanmu muna da gaskiya. Wanda ke zaune da yaro kullum ya san babu wani takun farko guda ɗaya. Akwai makonni na sakin bango da hannu ɗaya, da tsayuwar daƙiƙa biyu ana zare ido, da faɗuwa kan gindi sau ɗari, da ranar da aka yi fushi aka koma rarrafe gaba ɗaya. Bidiyon da ake aika wa uba a Abijan ko Sabha daƙiƙa ashirin ne da aka yanko daga cikin wannan duka. Namu ma ba mu ɗauka ba, don babu wanda za a aika wa.

Da ta tashi kuwa, sai muka gane hutu muke yi a da. Yaro mai rarrafe ana iya tsare shi da tabarma da ido ɗaya. Mai tafiya sai an bi shi. Ta gano inda bokitin wanki yake, ta gano murhu, ta gano cewa ƙofar gida in an tura tana buɗewa, kuma a waje akwai awaki da 'yan kabu-kabu. Babbar Sallah ta zo a watan Yuni tana da wata goma sha tara. Ga 'yan'uwa na Najeriya da ba su taɓa yin layya a Nijar ba, mu ba ma yanyanka rago mu soye a ranar. Ana feɗe shi a buɗe shi, a tsire a kan sanduna biyu da aka gicciya, a jera raguna kewaye da babbar wuta, su wuni suna gasuwa ana juyawa ana shafa mai da yaji. Kayan ciki ake soyawa a ci a ranar, washegari a sauke a yi rabo. Maƙwabta kan haɗa itace su hura wuta ɗaya a ƙofar gida. A wutarmu ta bara raguna biyar ne, amma masu su biyu kawai ke wurin. Sauran ukun kuɗi suka aiko, ni da wani dattijo muka sayo muka yanka a madadinsu.

To, ka haɗa garwashi mai faɗin tabarma da wuƙaƙe da tafasasshen mai da yarinyar da ta koyi tafiya wata biyu da suka wuce. Matan gida suna fama da hanji da tumbi, manyan yara an aike su, sai aikin tsaro ya faɗo kaina. Wuni na yi da ita a kafaɗa ko riƙe da bayan rigarta, takalman nan kuma yanzu suna kuka babu ƙaƙƙautawa, har na gode wa wanda ya ƙirƙiro su, don in ƙarar ta nufi wajen wuta ina ji ko ban duba ba. Dattijon da muka yi yanka tare ya dube ni ya ce, "Mushe, yau kai ne 'yar raino?" Aka yi dariya. Na ce, "Baba Alhaji, ai kun fi ni sani, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi sallah yana ɗauke da jikarsa Umama, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauka." Ya ce haka ne, yana cikin Buhari da Muslim. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ƙara da cewa shi dai 'ya'yansa goma sha ɗaya, bai san nauyin ko ɗaya ba a wannan shekaru. Ban gane ko alfahari yake yi ko wani abu dabam ba, kuma ban tambaya ba.

Bayan layya da 'yan kwanaki maƙwabcina ya dawo daga Libiya. Ya zo da mota mai batir da riguna da ya ƙiyasta girmansu ta waya, duka sun yi kaɗan. Da ya miƙa hannu, yaron ya ƙwalla ƙara ya shige cikin zanen uwarsa. Muryar ya sani, amma wannan dogon mutum mai gemu da ya cika ƙofar ɗaki bai yi kama da wanda ke zaune cikin waya ba. Abin da ya ƙara dagula lamarin, yaron ya saba jin Auta tana ce mini Baba, shi ma haka yake ce mini, kuma a gaban uban ya faɗa. Kwana tara aka yi kafin ya karɓi abinci daga hannunsa. Wani dare muna shan shayi ya ce mini, "Mushe, ni ke aiko da kuɗin madararsa, amma ni ne baƙo."

Ba na cikin masu zama a ofis mai sanyi suna wa'azin cewa matasa su daina tafiya. Duk wanda ya noma fakon arewacin Adar ya san ba kowace shekara ce hatsin gona ke kai gida wata shida ba, sauran watannin kuɗin bida ne ke cike su. Ni kaina da kuɗin Abijan aka saya mini allo da wandon lakwal. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da ƙanshin sabulun da ke cikin akwatinsa na san shi, kuma na tuna ina laɓewa bayan rumbu in ya sauka. Don haka ban ga laifin maƙwabcina ba, kuma ban ɗauki kaina na fi shi ba. Gidansa na siminti ne, nawa haya ne. Kawai dai in ana lissafin abin da bida ke ci, a riƙa sa waɗannan kwana taran a ciki.

Da aka ba da babban hutu muka kwashe muka tafi ƙauyenmu, tsakanin Tamaske da Keita, don noma da kuma kakarta ta gan ta. Duk wanda ya bi wannan hanya ya ga layukan duwatsu da aka jera a kan tuddai don tare ruwa, da itatuwan da aka dasa a bayansu. Aikin Keita ke nan, wanda aka fara a 1984 bayan babban fari, da kuɗin Italiya da hannun hukumar FAO, ana biyan ma'aikata da abinci. Yawancin waɗanda suka ɗauki duwatsun nan mata ne, don maza suna bida. Tsohuwata tana cikinsu, dutse a ka, ƙanwata a baya, ni ina biye da ita da ɗan gora. Saboda haka in ta ce raino aikin mata da kakanni ne, namiji ba ruwansa, ba daga jahilci take magana ba. Ta yi, kuma mun rayu. Kwanakin farko in ta ga ina wanke wa Auta hannu ko ina ba ta fura, sai ta karɓe ta ce in tafi wajen maza. Ita kuma Auta a ƙauye ta zama wata dabam. Ta bi 'yan tsaki, ta ci ƙasa, ta koyi korar akuya da kara, ƙafarta ta yi ƙarfi a kan tsakuwa fiye da yadda ta yi a kan siminti.

Damina a wurinmu lokacin zazzaɓin cizon sauro ne. Daga Yuli zuwa Oktoba ma'aikatan lafiya kan bi gida-gida kowane wata suna ba yara daga wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar maganin rigakafi, na ranar farko a gabansu, na kwana biyu a bar wa iyaye. Ba wa mai wata ashirin magani kokawa ce ta mutum biyu, kuma rabin abin da ya shiga baki yakan dawo a kan riga. Ko wannan ne ko wani abu, a watan Satumba jikinta ya yi zafi da tsakar dare, ta yi amai, idanu suka yi laushi. Na goya uwarta a babur, ita kuma ta goya ta, muka bi hanyar da ruwa ya cinye zuwa likita mafi kusa. An soki yatsa, gwaji ya nuna zazzaɓin ne. Tun 2006 dokar ƙasa ta ce kula da lafiyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ne, kuma ba a karɓi ko dala ba a hannuna don dubawa, sai dai ɗaya daga cikin magungunan babu shi a ranar, aka rubuta mini takarda na nemo da kuɗina. Ta warke cikin mako guda, amma ciwon ya tafi da tsokarta. Da aka naɗa mata ɗan ma'aunin nan mai launi uku a damtse, ya tsaya a kan rawaya, wato tsakanin milimita 115 da 125, bakin ƙofar tamowa. Kuma ta daina tafiya. Kwana shida tana zaune ko tana bayan uwarta, kamar ba ita ce ke bin awaki ba. Wannan ma ba a gaya mana a makarantar horo ba, cewa abin da yaro ya koya ciwo na iya karɓewa ya riƙe na ɗan lokaci.

A nan maganar yaye ta taso. Al'adarmu ita ce a kai yaro wurin kakarsa, a shafa wa nono abu mai ɗaci, uwa ta juya ta tafi, yaro ya yi kukan kwana uku ya haƙura. Tsohuwata ta riga ta shirya, ta ce mu koma Tahoua mu bar mata takwararta, in an yi kaka a zo a ɗauka. Ni da uwarta muka ga yarinyar da ke kan rawaya ba ta da ƙarfin rasa nono da uwa da gida a rana ɗaya, ga shi ba ta cika shekara biyun da Alƙur'ani ya ambata ba. Faɗa wa uwa "a'a" ba abu ne da aka koya wa Ba'adare ba. Kwana biyu ina zagaye. A ƙarshe na ce, "Inna, yayen naki ne, ba mai karɓe miki. Amma ki bari sai ta murmure, kuma ki zo ki yi shi a ɗakinmu, ga likita kusa." Ta ce ita ba ta iya kwanan birni, ruwan famfo ba ya kashe mata ƙishirwa. Amma a ƙarshen Nuwamba sai ga ta a motar kasuwa da ƙullin gero da kuka da wake. Ta yi mako uku. Aka fara janye nonon rana, aka bar na dare, sannan Auta ta koma kwana a bayan kakarta, ana cika ta da kunun gero mai ƙuli-ƙuli da ɗan wake da ƙwai in an samu. An yi kuka, amma ba irin wanda na ji ana yi a wasu gidaje ba. Wata safiya tsohuwa tana kallona ina ɗaura wa yarinyar hular sanyi, ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ubanka bai ga haƙorinka na hwari ba. Sai da ka yi takwas ya gani." Daga nan ta ci gaba da jan carbinta.

Yanzu muna tsakiyar sanyi, Auta ta wuce shekara biyu da wata biyu, kuma baki ya buɗe. Kalmar da ta fi ƙwarewa a kai ita ce "a'a", tana faɗarta ko da tana miƙo hannu ta karɓa. Ta biyu ita ce "nawa". Ta fara haɗa kalma biyu, "Baba tafi", "ba ruwa", "Kaka ina", kuma ta tsinci "bonjur" a bakin yayyenta, tana gaida akuya da ita. Da asuba in na yi sujada sai in ji nauyi a wuyana. Kafin in fita sai an nemo takalmina ɗaya a cikin kwandon albasa. Da tsakar rana tana jin ƙarar babur take fitowa da "oyoyo", kuma kowane mai babur da ya wuce a layi Baba ne. Da dare in na baje littattafan yara ina gyara, ita ma sai an ba ta jan biro da takarda, in ba haka ba wani ɗan aji huɗu zai tarar da maki a littafinsa da ba ni na ba shi ba. Ta taɓa cinye rabin alli. Fo kuwa har yanzu muna tattaunawa, ta yarda ta zauna a kai da wando, ba ta yarda da sauran sharuɗɗan ba. Akwai ranakun da take birgima a ƙasa don an ɓare mata ayaba alhali ita ta so ɓarewa, in tsaya a kanta da gajiyar yara saba'in a jikina, in ji ina ma ina Sabha.

Maƙwabcina ya koma tun Disamba. A wannan karon yaron ya san wanda ya tafi, ya yi kwanaki yana zuwa ƙofa. Kafin ya tafi ya roƙe ni in riƙa ɗaukar masa bidiyo da wayata, don ta fi ta matarsa kyau, kuma ya ce kada in jira sai an yi wani abin a-zo-a-gani, ko cin tuwo yake yi in ɗauka. Haka nake yi. Wanda na aika shekaranjiya minti huɗu ne na yara biyu suna faɗa a kan murfin tukunya.

Ni ma an yi mini tayi. Wani ɗan baffana da ke da shaguna biyu a Abijan ya kira ni a watan jiya, ya ce yana neman mai ilimin lissafi da zai amince wa, kuma abin da ya ambata ya ninka albashina. Ga haya, ga manyan yara sun fara shiga kolej, ga buhun hatsi da ba ya sauka. Uwar Auta ba ta ce in tafi ba, ba ta ce kada in tafi ba, ta dai tambaye ni nawa ya ce, sau biyu. Na ce masa ya ba ni lokaci, sai Auta ta shiga lakwal tukuna. Ya yi dariya har yana tari, ya ce, "Mushe, wa ya gaya maka ita ce auta?"